Makirufon sutudiyo mai son volt 48 a kan IC-718: ta ina zan ba shi wuta?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manya da ƙanana. Daga Zinder nake, unguwar Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Ina da wata tambaya da ta tsaya mini a rai sati biyu ke nan, kuma mu 'yan sha'awar rediyo na Nijar, masu alamar kira ta 5U, ba mu da yawa, balle a ce na tashi na je gidan wani mu duba tare.

Rediyona Icom IC-718 ce, irin mai aika magana da karɓa, hannu na biyu na saye ta. Anten ɗina dipol ce, wato waya mai hannu biyu, ta zangon mita 20, na ɗaure hannu ɗaya a bututun ƙarfe a kan soro, ɗayan kuma a reshen dogon yaron da ke tsakar gida. Da pano biyu na hasken rana da batir guda mai volt 12 nake aiki, don a lokacin da nake samun sukunin zama gaban rediyo, wato bayan la'asar zuwa isha'i, ba kullum ake samun kuran, wato wutar lantarki, ba. Makirufon hannun da ya zo da ita, HM-36, wayarsa ta bushe saboda zafi, ta tsattsage daga gindi. Na naɗe ta da salatif har sau uku, yanzu sai na riƙe ta a wani karkace kafin murya ta fita.

Ga inda maganar take. Yayana, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara bayan babbar salla. Yana da ɗan ƙaramin sutudiyo a ɗaki guda, inda yake ɗaukar karatun Alƙur'ani na mahaddata da sanarwar biki da tallace-tallacen 'yan kasuwa. Da aka zo raba kaya, matarsa ta ɗauko makirufonsa ta miƙo mini, ta ce ni ne na san darajarsa. Audio-Technica AT2020 ne, baƙi, yana cikin 'yar jakarsa, wayarsa mai ƙafa uku, wato XLR, ma tana naɗe yadda shi yake naɗe ta, da ɗan ƙyallen shadda ya ɗaure bakinta. Na fi wata shida ban iya buɗe jakar ba. Da na hannun nan ya fara ba ni wahala, sai na ce to ga ranarsa ta zo.

Abin da na yi shi ne: na yanke kan wayar XLR ta ɓangaren da ke shiga mikisa, na samo filogi mai ƙafa 8 irin na Icom. Wayar ƙafa ta 2 ta XLR na kama ta da dalma a ƙafa ta 1 ta rediyo, ragar waya da ta ƙafa ta 3 na haɗe su na kai ƙafa ta 7. Na sa makunni tsakanin ƙafa ta 5 da ta 6 don PTT, wato danna ka yi magana. Kafin in jona na auna da multimita, na ga akwai wajen volt 8 a ƙafa ta 1, raina ya yi fari, na ce ai ga wutar nan a shirye. Na danna makunni, rediyo ta koma aikawa, na yi sallama, na ƙirga ɗaya zuwa goma, na ƙure MIC GAIN. Ma'aunin ALC, wanda ke motsi in murya ta shiga rediyo, ko motsi bai yi ba. Sai daga baya na ga takardar da ke ƙasan jakar, an rubuta 48V, 2 mA.

To 'yan uwa, ku taimake ni. Na ƙona makirufon ne da wannan haɗi da na yi? Wannan ita ce ta fi damuna. Sannan na ga a littafin rediyon cewa ƙafa ta 2 ma tana ba da volt 8. Ko akwai dabarar da za a ɗaga ta ta kai 48? In kuma babu, mene ne mafi sauƙi ga wanda ba ya dogara da kuran, batir 12 kawai gare shi? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyara na Dolé ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Malam, kwantar da hankalinka, da wuya volt 8 ta ƙona abin da aka gina don ya sha 48. Yunwa ce kawai yake ji, ba ciwo ba. In kana son ka tabbatar, ka kai shi wurin duk mai mikisar da ke da maɓallin 48V, irin masu kayan sauti na biki ko na masallacin Juma'a, a jona shi da lafiyayyar waya, cikin minti ɗaya za ka ji.

Shekara da shekaru ina gyaran amfuli da mikisa a kasuwa, kuma wannan ruɗanin na sha ganinsa. Wuta iri biyu ce, sunan kawai ya yi kama. Wadda ka auna a ƙafa ta 1 ta Icom 'yar wuta ce da aka tanada don ɗan ƙaramin kan ilektaret da ke cikin HM-36, irin wanda ke cikin tsofaffin salula da rediyon kaset. Waya ɗaya ce ke ɗauke da ita tare da murya, ta dawo ta raga. Shi kuwa naka wutar fantom yake so. Ita wannan ta wayoyi biyu take shiga lokaci guda: volt 48 a ƙafa ta 2, volt 48 a ƙafa ta 3, kowace ta bi ta cikin rezistans mai kilo-om 6.8, sannan ta dawo ta ƙafa ta 1, wato raga. In ka sa multimita tsakanin 2 da 3 ba za ka ga komai ba, sifili, don dukansu tsayinsu ɗaya. Sai ka auna kowace da ƙafa ta 1 kake ganinta. Kai da ka kai ƙafa ta 3 ƙasa, ko da 48 ɗin ce gare ka, ka toshe rabin hanya.

Batun ɗaga volt 8 ta ƙafa ta 2, ka cire shi daga ranka. Duba littafin da kyau, iyakar abin da ƙafar ke bayarwa miliamfiya 10 ne. Takwas sau goma, miliwat 80 ke nan. Makirufonka kuma 48 sau 2, miliwat 96, tun ba a lissafa abin da zai zube a wurin ɗagawar ba. Ka ga ko a takarda tulun bai cika randar ba. Kuma Icom da kansu sun yi gargaɗi cewa in ƙafar nan ta taɓa ƙasa, abin da ke daidaita volt 8 a cikin rediyo yana iya lalacewa. Ka duba filoginka da kyau a haske, ƙafa ta 1 da ta 2 maƙwabta ne, silin waya ɗaya ya isa ya jawo maka aiki. IC-718 ba rediyon da ake samun kayanta a Dolé ba ce.

Abu mafi muhimmanci: duk inda ka samo 48 ɗin, kada ta kuskura ta isa cikin rediyo. Dole a sa kondansa a kan wayoyin murya biyun, mai maikrofarad 47, mai jure volt 63, ƙafar + tana kallon makirufo. Kondansa murya take bari ta wuce, wutar batir kuwa ta tare ta. Kada ka sa mai volt 25 ko 35 don ita ce a hannu, na ga wadda ta kumbura ta fashe a cikin mikisa.

Akwai ƙananan akwatunan fantom da ake sayarwa, XLR ta shiga XLR ta fita. Wasu da adafta ta kuran suke aiki, wasu da USB. Ana samunsu a Kano, in ka san direban da ke bin hanyar Matamaye zuwa Daura sai ka yi saƙo. Ga wanda ba ya son ƙona yatsa da dalma, wannan ce gajeriyar hanya.

Na Fagge ya rubuta:

Salam. Allah ya gafarta wa mamaci. Ni daga Kano nake, aikin sutudiyo nake yi, kuma ina taɓa rediyon ma. Duk abin da mai gyara ya faɗa haka yake, amma bari in faɗa maka gaskiya ɗan uwa, ko da ba za ta yi daɗi ba. Wahalar ta fi ribar yawa.

Makirufon nan an yi shi ne ya kwashi sauti daga hertz 20 har 20,000. Ita kuwa SSB, salon da rediyonka ke aika murya da shi, ƙofarta ƙunci gare ta, abin da ke wucewa bai fi daga wajen 300 zuwa 2,700 ba. Duk kaurin muryar da sheƙin da ake sayen makirufon kondensa irin naka dominsu, tacewar rediyo za ta yanke su ta zubar. Abin da zai rage maka shi ne kaifin kunnensa, kuma shi ne matsalar. Yayanka a ɗakin da aka lulluɓe da soso ko barguna yake aiki da shi. Kai kuma a ɗakin da fanka ke juyawa, ga fankar rediyo, ga 'yan kabu-kabu a lungu, ga akuya, ga yara. Duk zai ɗauka ya aika Turai.

Ni da na gwada, ta ƙaramar mikisa na bi, Behringer Xenyx 802. Tana da fantom, tana da wurin rage kauri da ƙara tsakiya, wannan kam ya yi amfani. Sai dai abu biyu. Na ɗaya, kuran take so, kai kuma ka ce batir gare ka, in ka kunna inbata mai araha kusa da rediyon HF, wato ta gajeren zango irin taka, za ka ji yadda take cika bandi, zangon da kake saurare, da ƙara. Na biyu, abin da ke fita daga mikisa ya fi volt ɗaya, ƙofar makirufon rediyo kuwa 'yan milivolt take jira. Sai ka rage shi kamar sau ɗari: rezistans mai kilo-om 10 a kan hanya, mai om 100 daga nan zuwa ƙasa. In ba haka ba muryarka za ta shaƙe, ka kuma fantsama kan maƙwabtanka na bandi.

Shawarata, ka nemi makirufon dinamik, wanda ba ya buƙatar wuta, ko Shure SM58 ko mai kama da shi, ka sa masa kondansa mai maikrofarad 1 a kan ƙafa ta 1 don ta tare volt 8 ɗin Icom, shi ke nan. Ba batir, ba akwati. Na Yaya kuma ka adana shi.

Ɗan Birni ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mai gyara, na bi maganarka. Jiya bayan azahar na kai shi wurin wani yaro mai kayan sauti a Zango, ya jona a mikisarsa da wata waya, ya danna maɓallin. Da na ce bismillah sai da lasifikar ta amsa har ƙofar gida. Lafiyarsa ƙalau. Na dawo na kwance filogin na duba, ƙafa ta 2 ba abin da ya taɓa ta, alhamdu lillahi.

Malam na Fagge, maganarka gaskiya ce, ban ƙi ko ɗaya ba. Na san wanda ke saurarona a Italiya ko Faransa ba zai bambance wannan da na jika biyar ba. Amma ka gane, makirufon nan shekaru yana gaban bakin mahaddata, yana gaban bakin Yaya. Ba na son ya ƙare a cikin akwati tare da takardun gida. In akwai hanyar da zai ci gaba da aiki ba tare da na cuci rediyo ko na dami mutane a bandi ba, zan bi ta ko da ta fi tsawo. Fanka kuwa zan iya kashe ta in yi gumi na minti goma, mun saba.

Abin da ya rage mini shi ne wutar. Akwatin USB ɗin nan, ba zai yi irin ƙarar inbata ba?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo ya rubuta:

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya jiƙan ɗan uwanka. Na karanta duk abin da aka rubuta. Na yi aikin sauti a gidan rediyo har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Mirya, kuma na ji daɗin yadda ka tsaya a kan abinka. Za a iya, kuma ba da kuɗi mai yawa ba.

Tambayarka ta ƙarshe tana kan hanya. Duk akwatin da ke karɓar volt 5 ko 12 ya mayar 48, yanka wutar yake yi yana kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Mai kyau an tace shi an rufe shi da ƙarfe, ba ka jin komai. Mai araha kuwa sai ka ji 'yan tsuntsaye suna fito a bandi, nan ɗaya, can gaba kaɗan wani. A sutudiyo ba wanda zai lura, amma kai da ke farautar siginar da ta sha hamada ta iso a gajiye, zai dame ka. Ba za ka san wanne ka saya ba sai ya iso daga Kano.

Ga abin da nake so ka gwada tukuna. Batir mai volt 9, ɗan murabba'in nan da ake sa wa multimita, ka sayi guda 5 ka jera su, + na wannan a − na wancan. Tara sau biyar, 45. Ƙa'idar fantom ta yarda da volt 4 sama ko ƙasa da 48, wato daga 44 zuwa 52, sabon batir kuma yakan ɗan haura 9, don haka za ka samu wajen 47. Babu wutar da ta kai ta batir shiru. Makirufonka miliamfiya 2 kawai yake sha, in alkalin ka samu za su daɗe, muddin ka sa makunni kana kashewa. In jimillar ta sauko ƙasa da 44 sai ka fara shirin canji.

Haɗin kuwa, mai gyara ya riga ya ba ka rabinsa. Daga + na batiran, ta makunni, zuwa rezistans biyu masu kilo-om 6.8, ɗaya ƙafa ta 2, ɗaya ƙafa ta 3. Ka zauna da multimita ka auna guda goma ka zaɓi biyun da suka fi kusa da juna, daidaituwarsu ta fi ainihin lambar muhimmanci, ita ce ke hana gunji shiga. Ƙafa ta 1 ta tafi − na batir da jikin akwatin da za ka haɗa kayan a ciki. Bayan kondansa biyun nan masu volt 63, ka sa ɗan ƙaramin taransifoman sauti, 600 zuwa 600. Ana cire shi daga tsohon modem ko tsohuwar wayar tebur. Amfaninsa biyu: yana mayar da wayoyi biyu na sutudiyo su zama ɗaya irin ta rediyo, kuma yana raba ƙasan makirufo da ƙasan rediyo. A ɗaya gefen taransifoman ka sa abin murɗawa mai kilo-om 10 don rage ƙarfi, daga tsakiyarsa kondansa mai maikrofarad 1 zuwa ƙafa ta 1 ta Icom, ƙasansa zuwa ƙafa ta 7. Wannan kondansar ta ƙarshe kada ka manta da ita, in babu ita volt 8 ɗin rediyo za ta bi ta ƙasa ta zube. Tun da ba ta mikisa za ka bi ba, ba ka buƙatar ragewa sau ɗari da ɗan Fagge ya faɗa, murɗawar ta isa. Ƙafa ta 6 kuma ka bar wa PTT ita kaɗai, kada ka gama ta da ta 7.

Wani abu da zai ba ka sha'awa. Manyan makirufon kondensa suna amfani da wutar ne su ɗora caji a kan faifan da ke bayan fatar da ke karkarwa. Naka ba haka yake ba, AT2020 cajinsa na dindindin ne tun daga masana'anta. Wutar da yake nema ta ciyar da 'yan taransistocin da ke cikinsa ce. Amma su ɗin an lissafa su ne a kan 48 ta cikin 6.8, shi ya sa takwas ba ta tashe su ba. Ita kanta lambar 48 tarihi gare ta: a 1966 kamfanin Neumann na Jamus ya yi wa gidan rediyon Norwe makirufo, su kuma suna da layin volt 48 na fitilun ko-ta-kwana a sutudiyonsu, sai aka ɗora a kansa. KM 84 shi ne ya fito da tsarin, duniya ta bi. Sunan fantom kuwa, wato fatalwa, don wutar tana bin wayoyin murya ne ba tare da wata waya tata ba, makirufon dinamik mai daidaitaccen haɗi ma bai san tana nan ba.

Yanzu ga inda za ka sha wuya, gara in faɗa maka tun yanzu. Ba wutar ba ce, RF ce, wato siginar da rediyonka ke aikawa. Wat 100 na fita daga anten da ke saman kanka, doguwar wayar XLR kuma ita ma anten ce. Siginarka za ta dawo ta shiga makirufo, muryarka ta riƙa karkarwa kamar mai magana ta cikin fanka. Mu nan ƙasar Damagaram kuma ka san yadda take, dutse ne da busasshen yashi, ka kafa ƙarfe a ƙasa da rani kusan daidai yake da ba ka kafa ba. Don haka kada ka dogara da wayar ƙasa ta cece ka. Akwatin ya zama na ƙarfe, ba roba ba. Ka gajarta wayoyi iyakar iyawarka. Ka nemi zoben ferit, lamba 31 ko 43 in an samu, ka zagaya wayar a ciki sau da yawa, kusa da rediyo ɗaya, kusa da akwati ɗaya. A gindin dipol ɗin ma ka naɗe kowaks ɗin, wato wayar da ta taho daga rediyo zuwa anten, ya zama shaƙe, don RF ta daina gangarowa ta bayan raga zuwa ɗaki.

Ka kuma riƙa rufe shi. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kan fatar nan, damina ta zo ta jiƙa ta, sai ka ji yana tsatsa kamar ana suya. Yayanka ya san dalilin da ya sa yake mayar da shi jaka. Kuma ka jona waya tukuna kafin ka kunna wutar, ka kashe ta ka ɗan jira kafin ka zare.

Ɗan Birni ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na yi shiru kwana tara don sai da na tara kayan. Ga yadda aka yi.

Akwatin, gwangwanin biskit ne na ƙarfe da na karɓa wurin uwargida, na kankare fentin inda murfi ke haɗuwa da jiki don su taɓa juna sosai. Taransifoman, mai gyara ne ya cire mini daga wani tsohon modem da ke ƙarƙashin teburinsa, na je har rumfarsa, ya ƙi karɓar ko dala, Allah ya saka masa. Shi ya ba ni rezistans goma sha biyu na zauna a bencinsa ina aunawa har na samu biyu da suka zo kusan ɗaya. Batiran ne suka ba ni yawo. Yawancin na kasuwa marasa nauyin nan ne, sai a shago na huɗu na samu alkalin.

Ranar Juma'a bayan an sauko na haɗa. Batiran biyar sun ba ni 47 da ɗan ɗori. Da na jona makirufo na kunna, na auna ƙafa ta 2 da ta 1, sai na ga wajen 40, ta 3 ma haka. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani abu ke zuƙe wutar. Sai na ɗauki biro: miliamfiya ɗaya a kowace rezistans mai 6.8, kusan volt 7 ke nan suka tsaya a hanya. Ashe alamar yana ci ce. A gefen rediyo kuma, kafin in jona, na auna sau uku, babu ko ɗigon 48 da ya tsallako.

Na fara da wat 10, na kashe COMP mai matse murya, na sa MIC GAIN a tsakiya, na riƙa buɗe abin murɗawa a hankali har ALC ya fara motsi bai wuce iyakarsa ba. Ban kai rabin murɗawar ba ma. A wat 10 da 30 komai lafiya. Da na haura 70 sai abin da Baba ya faɗa ya bayyana: ALC ya riƙa tsalle shi kaɗai ko na yi shiru. Na yanke wayar XLR ta koma mita ɗaya da rabi, na fasa robar wasu tsofaffin wayoyin allon kwamfuta na ciro ferit ɗinsu guda uku na zura. Ya ragu, bai tafi ba. Washegari da sassafe kafin rana ta yi zafi na hau soro na sauke tsakiyar dipol, na naɗe kowaks zagaye takwas a kan guntun bututun roba na ɗaure. Yanzu har wat 80 shiru ne. Daga nan zuwa 100 akwai 'yar karkarwa, don haka a 80 na tsaya.

Don in ji kaina, na buɗe mai karɓar nan na Jami'ar Twente da ke Holan a salula, wanda ake saurara ta intanet. Babban ɗan marigayi, shekararsa goma sha uku, shi na ba wa salular ya zauna a zaure da abin kunne, na ce in ya ji wani abu ya kira ni. Wajen ƙarfe biyar da rabi na yamma na kashe fanka, na matso kamar faɗin tafin hannu daga makirufon, na ɗan kauce gefe don iskar baki, na yi kira a mita 20. Ban gama faɗin alamata karo na biyu ba sai ga shi a guje ba takalmi, yana cewa Baba ƙarami ga ka nan, ga ka nan a ciki. Na karɓi kunne ɗaya, shi yana riƙe da ɗayan, na sake kira. Muryar ta dawo a ɗan makare, siririya, da shuu a bayanta, amma kowace kalma ta fita. Ya tambaye ni ko na babansa ne, na ce shi ne. Bai ce komai ba, ya dai ƙi sakin abin kunnen har aka kira magariba.

Malam na Fagge, ka yi gaskiya a kan akuya, wani ɗan Sifen da muka yi magana shekaranjiya ya tambaye ni ko a gona nake. Na rataya bargo a bayan kujera da jikin taga, ya rage. Ya kuma ce muryar ta ɗan yi kauri.

A kan wannan kaurin nake son ƙarin haske, Baba. In na sauya kondansar ƙarshe daga maikrofarad 1 zuwa ƙasa da haka, zai rage shi, ko gara in ƙara ja da baya daga makirufon? Sannan ƙananan kondansa masu nanofarad 1 da mai gyara ya ce mini a rumfarsa a sa don sauran RF ɗin, a bakin XLR na cikin gwangwani zan kama su, daga 2 da 3 zuwa jikin ƙarfe, ko a can cikin filogin rediyo? Ina da guda huɗu a hannu, ban taɓa su ba sai na ji daga gare ka.